Bokiti ɗaya ya ɗau zafi, ɗaya ya yi sanyi: lissafin makamashi da ire-iren gauraye

Duk macen da ta taɓa haɗa sabulu a gida ta san abin da ke faruwa idan aka zuba soda a ruwa. Ruwan daga randa aka ɗebo shi da sanyinsa, babu wuta a kusa, amma kafin a gama juyawa bokitin ya ɗau zafin da hannu ba zai iya daɗewa a jikinsa ba. Manomin da ya jiƙa takin yuriya don feshi kuwa kishiyar haka yake gani. Ruwan ya yi sanyi ƙarara, wani lokaci har bayan bokitin ya yi raɓa kamar an jefa ƙanƙara a ciki. Giram 100 na soda a lita ɗaya na ruwa yana ɗaga zafinsa da kusan digiri 25. Kilo ɗaya na yuriya a lita huɗu yana sauke shi da fiye da digiri 10. Duka biyun farare ne, duka sun ɓace a cikin ruwa, amma ɗaya ya ba da zafi, ɗayan ya karɓa.

A littafin kemistiri na sakandare babi biyu ne ke ɗauke da amsar. Ɗaya yana magana kan yadda zafi ke shiga da fita idan sinadarai suka sauya, ɗayan kuma kan ire-iren gauraye. Ana koyar da su a zango daban, yara su haddace wannan, su haddace wancan, su rubuta jarrabawar WAEC, su manta. A ganina raba su ne ya sa ba sa zama a kai. Babi na farko yana faɗin yawan zafin da zai fito. Babi na biyu shi ke yanke ko zafin zai fito a hankali ya dafa tuwo, ko zai fito lokaci ɗaya ya ɗage rufin ɗaki.

Ciniki ne, da riba da faɗuwa

Duk abin da muke taɓawa da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kuma ƙwayoyin a ɗaure suke da juna. Ruwa ƙwayar oksijin ɗaya ce riƙe da haidurojin biyu. Iskar da ke fitowa daga kashin shanu idan ya ruɓe, wato misen, kabon ɗaya ne riƙe da haidurojin huɗu. Idan aka ce an samu sauyin sinadari, abin da ya faru shi ne an kwance wasu ɗaure-ɗaure an ƙulla sababbi. Ƙwayoyin ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, abokan zama kawai suka canza.

Ga wurin da mutane da yawa ke tuntuɓe, har da wasu masu koyarwa. Za ka ji ana cewa makamashi a ɓoye yake cikin ɗaurin, idan aka tsinka shi sai ya fito. Maganar a juye take. Kwance ɗauri kullum biya ake yi, ƙulla sabo kullum samu ake yi. Ɗauki maganaɗisu biyu da suka manne, sai ka sa ƙarfi kafin ka raba su. Ka sake su kusa da juna, da kansu za su haɗu har da ƙara. Don haka kowane sauyin sinadari ciniki ne mai ɓangare biyu: abin da aka kashe wajen kwancewa, da abin da aka samu wajen ƙullawa. Idan samu ya fi kashewa, rarar ce ke fita a matsayin zafi, shi ne wanda ɗalibai suka sani da eksotamik. Idan samu bai kai ba, sai an ciko giɓin daga wani wuri, kuma wuri mafi kusa shi ne ruwan da ke bokitin da hannun da ke riƙe da shi. Wannan shi ne endotamik. Sanyin da manomin ya ji ba wani abu ne ya shigo ba, zafin hannunsa ne aka ranta.

Mu sa lambobi. Ana auna makamashi da kilojul, kuma kilojul 4 da ɗan ɗoriya ne ke ɗaga zafin lita ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Don ƙona giram 16 na misen, sai an kashe kimanin kilojul 2,650 wajen raba kabon da haidurojin ɗinsa da kuma raba ƙwayoyin oksijin na iska. Sannan ƙwayoyin su sake aure, kabon ya kama oksijin, haidurojin ma ya kama oksijin ya zama tururin ruwa, a samu kimanin kilojul 3,450. Ribar 800 ɗin nan ita ce harshen wutar da muke gani. Ashe ƙarfin wuta daga ƙwarin sababbin ɗaure-ɗauren yake, shi ya sa man fetur shi kaɗai, ba tare da iska ba, ba shi da wani abin da zai bayar.

Soda da yuriya ma haka lissafinsu yake, duk da cewa narkewa ce kawai suka yi. Sai an biya kafin a raba ƙwayoyin garin da juna, sannan a samu idan ruwa ya kewaye kowace ƙwaya ya rungume ta. A wajen soda rungumar tana da ƙarfi ƙwarai, ciniki ya yi riba. A wajen yuriya ba ta kai kuɗin rabawa ba. Ruwan batir mai ƙarfi, wato asid, ma irin soda ne, kuma dalilin ke nan da ake cewa asid ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa cikin asid. Ɗan ruwan da ya fara faɗawa zai tafasa nan take ya fantsamo a fuska.

Mai hankali zai tambaya, in dai faɗuwa yuriya ke yi, me ya kai ta narkewa? Amsar ita ce neman riba ba shi kaɗai ne ke tuƙa al'amarin ba, akwai kuma son watsuwa. Zuba gero da dawa a ƙwarya ɗaya ka girgiza, ko shekara za ka yi kana girgizawa ba za su koma kowa gefensa ba, saboda hanyoyin cakuɗewa sun fi hanyoyin rabuwa yawa nesa ba kusa ba. Masana na kiran ma'aunin wannan watsuwa entirofi. Idan watsuwar da za a samu ta yi yawa, abu yakan yarda ya ci bashin zafi don ya kai gare ta. Randa da tulu a kan wannan suke aiki. Ruwa na tsattsafowa ta ƙofofin yumɓu ya bi iska, kuma kowane kilo da ya tafi yana ɗauke da kusan kilojul 2,400. A lissafi, kofi ɗaya da ya bi iska ya isa ya sauke zafin lita 20 da digiri 7. Marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, wannan ya ɗauka ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyahu, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Da rani, iska a bushe, abin na aiki sosai. Da damina kuwa iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, randar sai ta yi lami.

Gawayi, siminti da ɓeran Masar

A 1840 wani masani mai suna Germain Hess, da ke aiki a birnin San Fitasbag na Rasha, ya nuna cewa jimillar zafin da sauyi ke bayarwa ba ruwanta da hanyar da aka bi. Mafari da maƙura kawai take dubawa, wannan ita ce dokar Hess. Gawayi ne misalin da ya fi kusa da mu, kuma misali ne mai ɗauke da rai da mutuwa. Giram 12 na kabon idan ya samu isasshiyar iska ya ƙone har ƙarshe yana ba da kilojul 394, ya zama kabon-dayoksaid, iskar da muke fitarwa a numfashi. Idan iska ta yi ƙaranci, sai ya tsaya a rabin hanya, ya ba da 111 kawai, ya zama kabon-monoksaid. Sauran 283 ɗin suna nan a jikin wannan iskar, kuma ɗan shuɗin harshen da ke rawa a saman garwashi ita ce ke ƙarasa tafiyar. Haɗa 111 da 283, ka dawo 394.

Wanda ya shigar da kaskon wuta ɗaki da hunturu ya toshe ƙofa da taga, hasara biyu ya yi. Duk gawayin da ya tsaya a rabin hanya, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ɗuminsa ya samu, sannan ya cika ɗakin da iskar da ba ta da wari, ba ta da launi, wadda ke kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau 200 da wani abu. Ciwon kai ne, sai kasala, sai barci mai nauyi. Janareta da aka ajiye a soro ko a baranda mai rufi, kusa da tagar ɗakin kwana, ita ma wannan iskar take fitarwa. Gida guda kan kwanta lafiya a wayi gari ba wanda ya tashi, mutane su yi ta zargin abinci ko sammu.

Siminti kuwa yana nuna dokar ta wata fuska, ta ajiya da karɓa. A Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gombe, da Malbaza ta Nijar, aikin farko shi ne gasa dutsen farar ƙasa. Sai zafi ya kai wajen digiri 900 kafin dutsen ya saki kabon-dayoksaid ɗinsa, kuma kowane giram 100 yana shanye kilojul 178. Daga nan a ƙara wuta zuwa kusan digiri 1,450 don ya haɗu da yumɓu ya zama dunƙulen da ake niƙawa. Buhun da birkila ya buɗe, gari ne da aka tura shi sama da ƙarfin wuta, yana jiran hanyar gangarowa. Ruwa ne hanyar. Shi ya sa kankare ke yin ɗumi washegarin zuba shi, kuma shi ya sa ba daidai ba ne a ce siminti bushewa yake yi. Ruwan ne ke shiga cikin gininsa ya zama dutse, don haka mai buga bulon da ke rowar ban ruwa, yana barin rana ta ƙwace ruwan tun aikin bai ƙare ba, ruɓaɓɓen kaya yake sayarwa. Lokacin gina madatsar Hoover a Amurka a shekarun 1930, injiniyoyi sun lissafa cewa idan aka zuba kankaren gaba ɗaya zai yi fiye da shekara 100 kafin ya huce, kuma zai tsattsage. Sai suka zuba shi gunduwa-gunduwa, suka binne bututun ruwan sanyi a ciki.

Jikinmu ma murhu ne. A hunturun 1782 zuwa 1783, a Faris, wasu masana biyu, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace, sun sa ɓeran Masar a cikin wani mazubi da ƙanƙara ta kewaye, suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar da yawan iskar da ya fitar, suka kwatanta da gawayi mai ci. Suka ga numfashi ƙonewa ce a hankali. Giram 180 na sukarin gulukos yana ba da kimanin kilojul 2,800, ko a wuta aka ƙona shi ko a cikin tsokar ɗan dako.

To me ya hana sukarin da ke cikin gwangwani kamawa da wuta, alhali ga iska ga riba? Saboda biya ake fara yi kafin samu. Dole a ba da kafin alƙalami, a kwance ɗaure-ɗauren farko, sannan ribar da ta fito ta biya wa na gaba. Ashana kafin alƙalami ce, haka tartsatsin fulogi a inji. A cikin jiki, inda ba a ƙyasta ashana, wasu sinadarai ne da ake kira enzayim ke rage wannan kuɗin shiga har ɗumin jiki na digiri 37 ya wadatar. Ba sa ƙara ribar ko da anini, hanyar kawai suke sauƙaƙawa.

Daga ƙullun koko zuwa karofi

Sai dai duk wannan ciniki ba ya ƙulluwa sai ƙwayoyin sun haɗu ido da ido. Nan ne maganar gauraye ta shigo.

Da farko a bambanta gauraye da haɗaɗɗen sinadari. Ruwa haɗaɗɗen sinadari ne, awonsa ba ya canzawa ko daga rijiya ko daga girgije, kuma bai yi kama da iyayensa ba: haidurojin mai kamawa da wuta ne, oksijin mai rura ta, ɗansu kuma mai kashe ta. Fura da nono gauraye ne. Ka ƙara nono, ka rage sukari, har yanzu fura ce, kowane abu yana nan da halinsa, kuma ana iya raba su ba tare da an kwance ɗaurin kowa ba. Hausa ma ta cika da kalmomin wannan rabawa, sheƙa da bakace da tankaɗe da tata da rairaya da tsame, kowace da irin gaurayen da take yi wa aiki. Inda harshen ya gaza mana shi ne kalmar narkewa, da muke yi wa ƙanƙara a rana da gishiri a miya, alhali na farko zafi ne ya sassauta shi, na biyu ruwa ne ya rarraba shi.

Girman gutsattsarin ne ke raba gauraye gida uku. Ma'aunin shi ne nanomita, wato ɗaya cikin miliyan na milimita, kuma silin gashi ɗaya kaurinsa yakan kai nanomita 50,000 zuwa 100,000.

Idan abu ya rarrabu har zuwa ƙwaya ɗaiɗai, ƙasa da nanomita ɗaya ko wajen haka, an samu narkakken gauraye. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa irinsa ne. Ko wata zai yi a ajiye ba zai kwanta ba, ba ƙyallen da zai tace shi, kuma kurɓin sama da na ƙasa ɗanɗanonsu ɗaya. Ba lallai ya zama ruwa ba. Iskar da muke shaƙa narkakken gauraye ce, kashi 78 cikin 100 naitirojin, 21 oksijin. Sarƙar zinare mai karat 18 ma haka, kashi 75 ne zinare, sauran wasu ƙarafa ne da suka narke a cikinsa. Raba irin wannan sai da zafi. A Bilma rana ce ke ɗauke ruwa ta bar gishirin da ayarin raƙuma ke ɗaukowa, a matatar mai irin ta Damagaram kuma ɗumama ɗanyen mai ake yi, kowane ɓangare ya tashi a nasa zafin.

Idan gutsattsarin sun haura nanomita 1,000, nauyinsu na rinjaya, su kwanta. Gasara a ruwan sanyi, ruwan gulbi da damina, maganin yara da aka rubuta a girgiza kafin a sha. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Na tsakiya ne mai daɗin magana. Wani masani, Thomas Graham, ya raɗa masa suna koloid a 1861, daga kalmar Girka mai nufin danƙo. Gutsattsarinsa sun fi ƙarfin a ce sun narke, amma ba su kai nauyin kwanciya ba, saboda ƙwayoyin ruwa na ta bugunsu ta kowane gefe, kuma sau da yawa suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da ke sa su guje wa juna. Gane shi ba wuya. Haska tocila ta cikin kofin gilashi mai ruwan gishiri a cikin duhu, ba za ka ga hanyar hasken ba. Ɗiga madara kaɗan, sai hanyar ta fito ɓaro-ɓaro. Sunan wani masani, John Tyndall, aka laƙaba wa wannan, amma duk direban da ya taɓa kunna fitila cikin hazon hunturu ya san shi. Hazon nan, wanda kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele na Chadi iska ke kwaso shi, manyan ƙwayoyinsa na sauka a kan kujeru, ƙananan kuwa su yi kwanaki a sama, su ne kuma ke kutsawa can cikin huhu.

Mai koko kullum da asuba tana mayar da gauraye daga wani gida zuwa wani. Ƙullunta a ruwan sanyi mai kwanciya ne. Ta sheƙa masa tafasasshen ruwa, da zarar zafin ya wuce digiri 60 zuwa 70 ƙwayoyin sitaci su sha ruwa su kumbura, su saki dogayen zarurrukansu, zarurrukan su sarƙe su riƙe ruwan. Ya zama koloid, ba zai ƙara kwanciya ba. In ruwan bai tafasa sosai ba, ko ƙullun ya yi yawa ya sanyaya shi, koko ya fito tsululu. Kuma abin da iyaye mata ke faɗa, cewa kada a mayar da ludayin da aka sha da shi cikin kwanon kunu don zai tsinke, gaskiya ne. Yawu na ɗauke da enzayim mai daddatsa zaren sitaci.

Madara ta tara gidaje a ƙwarya ɗaya. Sukarinta a narke yake, furotin ɗinta koloid ne, kitsenta kuma ƙananan ɗigo ne da ke yawo a ruwa, masu tasowa sama idan aka bar su. Idan ta kwana, ƙwayoyin bakteriya su mayar da sukarin tsami, tsamin ya kashe cajin da ke raba furotin, sai su manne, madara ta yi barci, an samu kindirmo. Bafulatana ta kaɗa shi, ɗigon kitsen su fashe su haɗe, al'amari ya juye: da kitse ne a cikin ruwa, yanzu ɗigon ruwa ne a cikin kitse, shi ne man shanu. Dabarar kashe caji ɗin nan ita ce ta alif, wanda wasu ke kira alam. Laka mafi laushi a ruwan tafki ba ta kwanciya ko an kwana biyu, amma a jefa ɗan alif ko garin ƙwayar zogale, sai ta dunƙule ta sauka. Gidajen ruwa irin na Tamburawa ma da wannan suke farawa. Sai dai a kula, alif bai taɓa abin da ya narke ba, kuma bai gama da ƙwayoyin cuta ba. Ruwa ya yi garau ba shi ne ya zama na sha ba, sai an tafasa ko an sa kulorin.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin marina. Shunin baba ba ya narkewa a ruwa ko kaɗan. Da za ka zuba garinsa ka tsoma zane, bisa zai zauna, wanki ɗaya ya tafi. Marinan Ƙofar Mata a Kano, wurin da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa, suna haɗa baba da toka da kanwa a karofi su bar shi kwanaki ya ruɓa. Ƙwayoyin bakteriya su cinye oksijin ɗin ruwan, su sauya shunin zuwa wani nau'i mai narkewa, wanda launinsa ma ba shuɗi ba ne, wajen rawaya-kore yake. A wannan hali yake ratsa cikin zaren auduga. Marini ya tsamo zanen, iska ta buge shi, a gaban idonka koren ya koma shuɗi, shunin ya koma wanda ba ya narkewa, amma yanzu a kulle yake cikin zare. Tsomawa da tsamowar da ake ta maimaitawa ba al'ada ce kawai ba, kowane zagaye shigar da narkakke ne a mayar da shi daskararre.

Inda babin biyu suka haɗu

Gungumen itace da buhun dusar katako mai nauyi ɗaya makamashinsu ɗaya, dokar Hess ta tabbatar. Gungumen zai kwana yana ci, saboda fatarsa kaɗai ke taɓa iska. Watsa dusar a iska kusa da wuta, cikin ƙiftawar ido ta tashi gaba ɗaya. Faskare da zugazugin maƙeri duk wannan aikin suke yi, ƙara haɗuwar mai da iska. Idan abin ya wuce gona da iri kuma, abinci ma na zama abin fashewa. A 1878 ƙurar fulawa ta tarwatsa babban injin niƙa na Washburn a Miniyafolis, mutum 18 suka mutu. A Fabrairun 2008 ƙurar sukari ta yi haka a wata matatar sukari a jihar Jojiya ta Amurka, mutum 14 suka rasu. Sukarin shayi ne dai, wanda jiki ke ƙonawa cikin sa'o'i.

Narkakken gauraye shi ne ƙarshen cakuɗuwa, ƙwaya na kusa da ƙwaya, don haka gas ko tururin fetur a cikin iska ya fi kowa saurin tashi. Amma yana da sharaɗi. Fetur ba ya kamawa sai tururinsa ya kasance tsakanin kusan kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wurin. Ƙasa da haka ƙwayoyin mai sun yi nisa da juna, ribar ɗaya ba ta isa ta kunna na gaba. Sama da haka oksijin ne bai isa ba. Bakanike ya san wannan a aikace: kafireta ta sha mai da yawa, babur ya ƙi tashi. Injin fetur yana son kusan kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na mai a nauyi.

Hatsarin yana cikin ƙanƙantar lambar farko. Lita ɗaya na fetur idan ya bi iska ya isa ya mayar da fiye da lita 10,000 na iska abin da tartsatsi ɗaya zai tayar. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, ya gangara kwata, ya yi nisa da inda man yake. A daren 15 ga Oktoban 2024, da tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, waɗanda suka taru ɗiba suna ganin mai ne a ƙasa, ba su san iskar da suke tsaye a cikinta ta riga ta zama gaurayen da ke jiran ƙyas ba. Fiye da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Kalanzir da aka yi wa algus da fetur ma ta nan yake kisa. Kalanzir mai kyau ba ya fitar da tururin da zai kama sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 38, fetur kuwa ko a cikin ƙanƙara yana fitarwa. Su biyun suna narkewa cikin juna tsaf, ido ba ya rabawa, sai ranar da aka zo ƙara wa risho ko fitila mai tana ci.

Gas na girki, wanda gaurayen butan da furofan ne, tazararsa wajen kashi 2 zuwa 9 ce. Ƙaramin kicin mai mita biyu sau biyu, ƙasa da rabin kilo ya ishe shi, daga tukunyar da ke ɗauke da kilo 12.5. Shi kansa gas ɗin kusan ba shi da wari. Warin da muke ji da gangan ake zuba shi, al'adar da ta kankama bayan 1937, lokacin da gas ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London ta jihar Tekzas ba wanda ya sani, ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu yara.

Akwai wani abu da wannan tazara ke nunawa wanda ba kasafai ake faɗa ba. Kicin ɗin da gas ya kwana yana tsiyaya a cikinsa na iya cika har ya wuce iyakar sama, musamman daga ƙasa inda butan ke kwanciya, don ya ninka iska nauyi. A wannan hali bai cika kamawa ba. Da aka buɗe ƙofa iska ta fara shiga, gaurayen zai riƙa tsinkewa, kuma kafin ya sauka ƙasa da kashi 2 dole ya ratsa ta tsakiyar tazarar. Buɗewar wajibi ce, kuma ƙofa ta fi tagar sama amfani tunda gas ɗin a ƙasa yake. Amma a waɗannan mintoci ne makunnin fitila, ko na fanka da wani zai kunna da niyyar korar warin, ke iya ba da kafin alƙalamin da ake jira. A rufe kan tukunyar, a bar duk makunni yadda aka same shi, a fita waje har warin ya ɗauke daga ƙasan ɗakin.